Wace ƙasa zaki zuba wa magenki, kuma ina zaki kai ta in ta ɓaci?

Kiwon mage a cikin ɗaki yanzu ya zama ruwan dare a Gombe, musamman irin masu gashin nan buzu-buzu da ake kawowa daga Kano da Abuja, kuma duk wadda ta ɗauko ɗaya kafin ma a zo maganar abinci tambayarta ita ce toh a ina zata riƙa kashi. Da can babu wannan maganar, kyanwar gida tana da tsakar gida na ƙasa ga bayan ɗaki ga gefen garken awaki, ta tona ta yi abinta ta binne ba wanda ya sani. Yanzu ko'ina an malale da siminti da intalok, ɗakuna tayil, in baki tanadar mata wuri ba ita zata zaɓa da kanta, kuma zaɓinta bayan kujera ne ko cikin kwandon wanki, wani lokacin ma kan darduma. Kuma kin san dai mage jikinta da sauran ruwan da ta sha ba matsala, amma fitsarinta da kashinta najasa ne a wajen mafi yawan malamai, saboda haka maganar ba ta ƙyanƙyami kaɗai ba ce.

Mu fara da mazubin tunda shi ba wuya. Ba sai kin sayi na kanti ba, daron roba mai faɗi ya isa, ko a yanka miki jarka mai lita 25 ta kwance, amma banda wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki. Tsawonsa ya kai tsawon jikin magen da rabi yadda zata iya juyawa ta tona, bakinsa kar ya yi tsayin da ƙarama zata kasa shiga. Ƙasar da zaki zuba ta kai santimita 5 zuwa 7. In magen biyu ce a gidan a aje uku, wato kowace da nata sannan a ƙara ɗaya, haka likitocin dabbobi ke cewa, in ba wuri ko biyun ne dai a raba musu. Ki aje shi inda iska ke shiga, nesa da kwanon abincinta, nesa da janareta, don mage in ta tsorata a wuri sau ɗaya da wuya ta koma.

Sai ita ƙasar, wadda nan ne kuɗi ke tafiya.

Ta buhu da ake sayarwa a manyan kantuna da wajen masu tallan onlayin yawanci wani irin yumɓu ne da ake kira bentonait. Asalin sana'ar daga Amurka ne, a 1947 wani mutum Edward Lowe a jihar Mishigan ya fara ƙulla busasshen yumɓu yana sayar wa masu mage, kafin nan su ma yashi da toka suke zubawa. A shekarun 1980 aka fito da mai dunƙulewa, wadda fitsari na taɓa ta sai ta cure kamar curin fura ki ɗauke ki bar sauran a bushe. Gaskiya wajen kama zarni ba ta da na biyu, kuma mage na sonta don laushinta a ƙafa kusan na ƙasa ne, wannan ba zan ɓoye ba. Masu haƙar bohol sun san bentonait, shi suke damawa su zuba a rami lokacin haƙa, kuma a yankin Pindiga nan jiharmu akwai irin wannan yumɓun, sai dai namu irin da ba ya kumbura sosai ne sai an sarrafa shi.

Toh amma ki duba hanyar da buhun nan ya biyo. Bentonait ba shuka shi ake ba, haƙo shi ake, a yaye saman ƙasa da duk ciyawa da itacen da ke kai a kwashe na ƙarƙashi, a jihar Wayomin ta Amurka haka ake yi, Turkiyya da Chaina ma suna cikin masu fitar da shi. Sannan a busar da shi da wuta a masana'anta, a loda a jirgin ruwa zuwa Legas, tirela ta ɗauko kaya mai nauyin tsiya ta hauro da shi arewa, duk don mage ta yi fitsari a kai sati biyu a zubar. In an zubar kuma ba ruɓewa yake ba tunda ba tsiro ba ne, yadda kika ƙulle shi a leda haka zai zauna a bola. Ga farashin yana bin dala, yau ki saya gobe ki koma a ce ya tashi. Ni a ganina ƙasar da ta ƙetaro teku a garin da yashi ke shigo mana har cikin ɗaki lokacin iska, abin da ɗan ban dariya.

Duk da haka akwai wadda ita ce ta dace da ita, misali kina gidan sama ko ɗaki ciki da falo a gidan haya ba ki da ko taku ɗaya na ƙasa, maƙwabta kuma hancinsu a buɗe. In haka ne ki saya, amma ki nemi marar turare, ƙamshin lemon tsami da na fure ɗin nan don hancinki aka sa, ita magen damunta yake, wata ma ta ƙaurace wa wurin saboda shi. Ki ɗan tsiyaya a hannu ki gani, in ƙura ta tashi fari fat ki haƙura da wannan, musamman in akwai mai asma a gidan, dama ga ƙurar hunturu muna fama. Kar a zuba wa 'yan jariran mage da ba su wuce wata uku zuwa huɗu ba, suna ɗanɗana komai, abin da ke kumbura in ya sha ruwa kuwa kin san me zai yi a cikin hanji. Kuma dan Allah ko cokali ɗaya kar ya shiga masai na zamani, kumburar da yake yi a daro ita zai yi a cikin bututu, ki wayi gari kina neman falamba.

Akwai wata mai kama da ƙanƙara fara da shuɗi-shuɗi, silika, tana shan fitsari tana daɗewa, amma tsada, ba ta ruɓewa, wasu magunan kuma ba sa son takawa. Akwai ta dusar waken soya da ta curarren katako, su suna ruɓewa kam, sai dai su ma daga waje ake kawo su, kuma ta waken soyan da damina in ta ji danshi tana fumfuna ta jawo kyankyaso. Na wuce su.

Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne na gida, don wallahi muna da kayan da wasu ke biyan kuɗi su samu mu kuma ƙona su muke.

Yashi shi ne wanda mage ba ta gardama da shi, ko 'yar da aka yaye jiya kika ɗora a kai ta san me zata yi. Ki samu yashin gini, ragowar da magina suka bari ko ki roƙi maƙwabcin da aka juye wa tifa ya ɗiba miki bokiti biyu, ki tankaɗe da rariyar waya a fitar da tsakuwa da fasassun kwalba, ki baza a kan buhu ko tsohon kwano a rana tun safe har la'asar kina juyawa. Ranar Gombe ta watan Maris da Afrilu ba wasa, tana busar da shi ƙarau ta kori ƙuma da ƙwari, amma kar ki ɗauka ta kashe komai, ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai. Shi ya sa ba a ɗibar yashi a bakin kwata ko lungun da magunan unguwa da karnuka ke tsugunawa. Sannan kar a aiki yara su je su farfashe gaɓar kwari su ɗebo, kowa ya ga yadda zaizaya ta ci gidaje a garin nan da irin kuɗin da aka narkar kafin a ɗaure kwarin da ya bi ta jami'ar jiha zuwa Malam Inna, bokitinki ɗaya ba shi zai rusa unguwa ba amma dai ba a ƙara wa gaɓa rauni.

Aibin yashi biyu ne, nauyi da zarni. Ba ya shan fitsari, ratsawa kawai yake ya kwanta a gindin daron, kwana biyu uku wurin ya ɗauka. In yashi zalla zaki yi amfani da shi sai kin yarda da juyewa gaba ɗaya duk bayan kwana biyu zuwa uku, kuma daron ya zauna a baranda ko tsakar gida, ba cikin ɗaki ba.

Garin katako shi ne ya fi min duka. Ki je layin 'yan katako ko wajen kafintan unguwa da buhunki, wani ya ba ki kyauta wani ki ba yaran shago na ruwa su cika miki, da ma ko masu kaji su kwasa ko a cinna masa wuta hayaƙi ya ishi mutane. Amma fa ba kowane ake ɗauka ba. Ki ce a ba ki wanda injin gogar katako ke fitarwa, fale-falen nan a nannaɗe irin wanda ake shimfiɗa wa 'yan tsaki, ba lallausan garin zarto ba, shi lallausan yana shiga hanci da ido ya manne a gashi. Ki ɗebo a tafin hannu ki shinshina, in kin ji warin fenti ko gam ko baƙin mai ko maganin gara ki zubar. Na filawud da allunan nan na kabad da ake haɗawa da gam sam ba a so, da wanda aka shafa wa maganin ƙwari, don mage tana gama tonawa zama take ta lashe ƙafafunta tas. Na farin katako wanda ba a shafa wa komai ba shi ake nema, a ƙara shanya shi kwana ɗaya kafin a fara.

Yana shan fitsari sosai, ƙamshin itacen yana danne zarni, ba nauyi, kuma in ya gama aiki ƙasa zai koma. Matsalarsa rashin nauyin ne ma, yana bin ƙafa da jela ya watsu, mai dogon gashi kuwa zaki ga ta fito da shi a cinya. Sannan wasu magunan in sun taka suka ji ba ƙasa ba sai su tsaya suna kallonki. Yadda nake yi, na shimfiɗa tsohuwar jarida ko kwali a gindin daron, na zuba katakon kashi biyu, na rufe samansa da yashi kashi ɗaya. Ƙafarta ta ji ƙasa ta yarda ta shiga, fitsarin ya ratsa yashin katako ya shanye, in ta tona suka gauraya ma ba komai. Buhun shinkafa da babu komai a ciki ki shimfiɗa a ƙarƙashin daron ya tare wanda ke zubowa, da yamma a kakkaɓe.

Ɓuntun shinkafa ma ana yi da shi, a wajen masu injin casa tuli yake, amma bai kai katako shan ruwa ba kuma yana da ƙaiƙayi, sai dai a gauraya. Ɓawon gyaɗa da aka ɓarza yana yi da rani, da damina ki bar shi don saurin fumfunarsa. Toka kuwa a'a, na san iyayenmu na zuba ta a kan ƙazanta, amma in ta haɗu da fitsari ƙara tayar da zarnin take, ta zama caɓi ta bi ƙafa, ki ga sawu baƙi-baƙi har kan zanin gado, ita kuma ta lashe.

Kowace kika zaɓa, maganin wari ɗaya ne, kwashewa. Safe da yamma in da hali, in ba hali sau ɗaya kullum ba fashi. Ki ware tsohuwar matsamin suya mai huji-huji ko ƙaramin abin kwasar shara wanda ba zai sake komawa kicin ba, ki ɗauke kashin da inda ya jiƙe, ki ƙara sabo kaɗan. Haɗin katako da yashi yana kai kwana biyar zuwa sati ga mage ɗaya kafin a juye duka, hancinki zai gaya miki. Wajen wanke daron ruwan zafi da omo sun wadatar, a kife a rana ya bushe, ba sai an ƙarar da jarkar ruwan da aka saya ba. Izal da Dettol kar su kusanci kayan mage, sinadarin da ke cikinsu hantarta ba ta iya sarrafa shi, guba ne a gare ta ko ta ƙafa ta taka ta lasa. In Hypo zaki sa, sai an fara ɗauraye fitsarin tas, don in ya haɗu da fitsari yana tada iska mai shaƙe mutum, a sirka shi da ruwa sosai sannan a sake ɗaurayewa.

Kwashewar kullum ɗin nan tana da wani dalilin da ya fi wari. Akwai wata ƙwayar cuta, toksoplasma, wadda a hanjin mage take hayayyafa ta fito a kashi, mage na ɗaukarta in ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama. Lokacin da ta fito ba ta iya kama mutum nan take, sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje tukun, kinga wadda ke kwashewa kullum ta riga ta. Mai lafiya ko ta kama shi yawanci ba ya ma sani, amma mai ciki in ta kamu a karon farko tana iya taɓa jaririn, ido ko ƙwaƙwalwa, ko cikin ya zube, haka wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Saboda haka mai juna biyu ta bar wa wani aikin, maigida wannan naka ne ranka ya daɗe, ba faɗuwar girma ba ne. In ba kowa sai ita, ta sa safar hannu ko ta zura hannun a leda, ta rufe hanci, ta wanke hannu da sabulu. Ba sai an kori magen ba kamar yadda wasu surukai ke tada hankali, ana kamuwa da cutar nan ta naman da bai gasu ba da ganyen da ba a wanke ba ma, kuma magen da ke zaune a gida tana cin dafaffe haɗarinta kaɗan ne.

Yanzu ina za a kai ƙasar da ta ɓaci? Ni a wurina wannan ya fi zaɓen ƙasar muhimmanci, don zaki iya yin amfani da katakon da ya fi kowane tsafta ki ɓata komai a minti ɗaya in kika ce wa yaro je ka juye a kwata. Ƙwan cutar nan yana iya wata da watanni a ƙasa mai danshi, har ya haura shekara. Ruwan farko na sauka ya kwashe abin da ke kwata ya gangara kwari, ya wuce wajen mutanen da ke ƙasa da mu masu lambu da masu shayar da dabbobi, yashin da yumɓun kuma su zauna su cike magudanar, watan Agusta ruwa ya rasa hanya ya shigo gidaje a hau zagin gwamnati. A jihar Kalifoniya ta Amurka sai da aka gano cutar a jikin wasu dabbobin teku, har aka yi doka a 2006 cewa a rubuta gargaɗi a jikin buhun ƙasar mage kar a zuba a masai ko magudanar ruwa.

Bola ma a buɗe ba wurin zubawa ba ce. Ki tsaya ki kalli kowace bola a unguwa, awaki da tumaki ne a kai suna kiwo, kuma toksoplasma tana cikin manyan abubuwan da ke sa tunkiya da akuya ɓari, mai dabba ya yi ta neman dalili bai san daga daron wata Hajiya abin ya fito ba. Ga kaji na tona, ga yara masu tsintar roba da ƙarfe ba takalmi, ga manoma da ke kwasar bola su kai gona a matsayin taki kafin damina.

In gidanku akwai shadda ta rami, kashin da kika kwashe kullum ki jefa can, shi kaɗai ba tare da leda ko tulin yashi ba kar ramin ya cika da wuri. Jiƙaƙƙen katakon kuma a haƙa masa rami a bayan gida, zurfin kamar rabin mita, nesa da rijiya da aƙalla mita 30 in filin ya ba da dama, in rijiyar na kusa a haƙura da ramin. Duk zubawa a bi da ƙasa a rufe, a ɗora tsohon kwano da dutse a kai saboda kaji da yara, ruwan wankin daron ma nan zai shiga. In ya cika a binne a bar shi ya haura shekara, sannan a dasa itacen inuwa a wurin, dogon yaro ko wani abin da ba ci ake ba, dama tun 2019 ake ta kiran a dasa itace a ƙarƙashin shirin 3G na gwamnatin jihar Gombe, ga naki gudummawar ba ko sisi. Amma banda alayyafo da latas da tumatir da yakuwa, takin mage ba irin na shanu da awaki ba ne, ba ya zuwa kan abin da za a ci.

Wadda ba ta da fili, ko mai amfani da bentonait da silika, ta ƙulle a leda kam, ledar burodi ko ta cefane da ta riga ta shigo gidan ba sai an sayi sabuwa ba, a sa a mazubin shara mai murfi har masu kwasa su zo, ko a kai inda motar GOSEPA, hukumar kula da muhalli ta jiha, ke ɗauka. Kar a cinna wa ledar wuta, yumɓu da yashi ba sa ci, hayaƙin roba kawai zaku shaƙa.

In zaki canza mata daga ta kanti zuwa ta gida kar ki yi rana ɗaya, mage ba ta son a yi mata ba-zata. Ki riƙa zuba sabuwar kaɗan-kaɗan cikin tsohuwar kina ƙarawa har sati guda ko fiye, ko ki aje daro biyu gefe da gefe ki ga wanne take shiga. Kafin damina ta kankama ki tanadi busasshen yashi da katako buhu biyu ki ɗora a kan benci ko bulo a inda ba feshin ruwa, don a watan Yuli da Agusta samun busasshe aiki ne, jiƙaƙƙe kuma ba ya shan komai.

Magen da ta saba shiga daro sai kwatsam ta fara yi a waje, kar a dake ta kar a tura hancinta a ciki, ba ta gane wannan, tsoronki kawai zata ji. Ki duba ko wurin ya yi datti, ko an canza ƙasar, ko wani abu na firgita ta a wajen, inda ta ɓata kuma a wanke sosai don in tana jin warin zata koma. Ki riƙa kallon abin da kike kwashewa ma, gudawa ko jini ko tsutsa farare a kashin duk alamar a kai ta asibitin dabbobi ne, maganin tsutsa kuma likita ya faɗa miki wanne da tsakanin wata nawa, banda na mutane, parasitamol ma kashe mage yake. Muzuru kuwa in kika ga yana shiga yana fita yana yunƙuri yana kuka, fitsari ba ya fita ko sai ɗigo-ɗigo, mafitsararsa ce ta toshe, wannan ba a jira gobe, cikin kwana ɗaya zuwa biyu yana iya mutuwa, a ɗauke shi a tafi wajen likita a ranar.